Ranar da Yayata Ba Ta Yi wa Lili Aski Ba

Yayata matsoraciya ce, kuma ba zaginta nake yi ba. Cikinmu ɗaya, ta girme ni da shekara shida, amma tun muna yara ni ke shiga gaba in za mu wuce ƙofar gidan da ke da kare. Yanzu ta haura sittin, kuma har gobe in aka buga mata ƙofa da ƙarfi sai ta tsaya ta lalubo laifin da ta yi kafin ta je ta buɗe. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki. Mahaifiyarmu takan ce wajen rabo an ba ni nawa an haɗa min da na Yaya.

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana guga a ɗakin wankin wani otal, can ƙarƙashin ƙasa, inda ba taga sai fanka mai kaɗa zafi. Daga nan sunan ya bi ta, kowa Mai Guga yake ce mata. Aikin bai rage mata tsoro ba, ƙara mata ya yi. A ɗakin nan duk tabon da aka gani a jikin tufa sai an nemo mai shi. Don haka ta koyi cire tabo tun kafin wani ido ya gan shi, in kuma ya ƙi fita ta ja bakinta ta yi shiru. Ta taɓa ƙona rigar siliki ta wani baƙo, aka ɗora wa abokiyar aikinta, aka sallami matar. Yaya tana tsaye da dutsen guga a hannu ba ta ce uffan ba. Sai bayan shekara ashirin ta ba ni labarin, shi ma tana yi tana duban ƙofa.

A wannan ɗaki ta fara sanin furen lili, kuma da ƙiyayya suka soma. Otal ɗin na jera shi a tukwane a zauren cin abinci. A tsakiyar kowane fure akwai wasu 'yan tsinkaye shida masu kai, Yaya na kiransu ashana, kuma kan nan cike yake da wani gari ruwan ƙwai. Garin ya taɓa farin ƙyallen tebur, an shiga uku. Ka sa ruwa ya zauna daram, ka goge da hannu ya shige cikin zare. Yaya ce ta fi kowa iya shi. Takan naɗa salatif a yatsunta, gefen danƙon a waje, ta riƙa dangwalawa a hankali har garin ya tashi tas, sannan a kai wanki.

Wata rana ta tashi aiki ta ga an zubar da tukwanen a bayan kicin, don furen ya kaɗe. Ta tona ɗaya da yatsa, ta tarar da wani abu kamar kan tafarnuwa, fari, da ransa. Ta waiga hagu ta waiga dama, ta jefa shi a jaka. Kwana uku tana jiran a kira ta ofis a kan abin da aka riga aka jefa a shara.

Da ta ajiye aiki sai ta kama hayar ɗaki biyu a ƙasan wani bene. A jikin katangar gidan akwai wani siririn fili, faɗinsa taku ɗaya, tsawonsa taku goma sha biyu, ba komai a ciki sai fasassun bulo. Nan ta mayar fangalin lili. Wanda bai samu wuri ba ta dasa shi a tsofaffin bokitan fenti, ta jera su a bakin barandarta. In kana son ka ji Yaya ta yi magana ba rawar murya, to ka tambaye ta lili. Za ta gaya maka a binne albasarsa, wato kan nan mai kama da tafarnuwa, zurfin tsawonta sau uku, a shimfiɗa mata yashi, a ɗan kishingiɗar da ita don kada ruwa ya kwanta a tsakanin ɓawonta ta ruɓe. Bokiti kuma a huda gindinsa da ƙusa mai zafi, a zuba tsakuwa kafin ƙasa. Ta ce shi lili kansa na son rana, ƙafarsa na son inuwa. In fure ya kaɗe ba a yanke karan sai ya yi rawaya don kansa, saboda ta nan albasar ke tara abincin baɗi. Akwai wani jan ƙwaro da ke cin ganyen, da hannu take tsince shi ɗaya bayan ɗaya, matar da in ta ga kyankyaso sai ta hau kujera.

Mai gidan yana zaune a sama, shi kaɗai. Baba Direba ake ce masa, don shekara arba'in ya yi yana jan doguwar mota. Ƙato ne, muryarsa kuma ta saba da yin magana a kan ƙarar inji, ko gaisuwa yake yi sai ka ɗauka faɗa ne. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun yi nisa, sai waya. Abin da ya rage masa mage ce fara sol, wadda ya tsinta tana jaririya a ƙarƙashin kujerar motarsa a tafiyarsa ta ƙarshe. Ya sa mata suna Fasinja. Da ita yake hira, da ita yake cin abinci. In ya makara a waje za ka ji yana hawa bene yana ba ta haƙuri tun daga matakin farko.

Ga abin da ban sani ba sai daga baya. A shekarar da Yaya ta shiga gidan, bayan ta gama dashe, ta je sayen taki wurin wani mai sayar da furanni. Mutumin ya tambaye ta ko akwai mage a gidansu. Ta ce akwai. Ya ce to ta yi hattara, lili ba ya yi wa mutum komai, amma mage ko garin ta lasa daga jikinta, ko ta sha ruwan da ya taru a ƙarƙashin tukunya, ƙodarta na iya tsayawa. Abin da ya kamata ta yi a bayyane yake: ta hau sama ta gaya wa mai gida, ko ta tumɓuke abinta. Ta kasa hawa saman, ta kuma kasa tumɓukewa.

Sai ta ɗauki hanya ta uku, wadda ta fi duka wahala. Kullum gari na wayewa tana fita da ƙaramin almakashi, duk furen da ya buɗe ta datse masa ashanarsa tun garin bai bushe ya fara tashi ba, ta ƙulle a leda. Wannan shi take kira aski. Ta kewaye fangalin da ragar waya. Ta cire faranti daga ƙarƙashin kowane bokiti. Ganye ɗaya ya faɗi, ta tsince. Ta barbaza ɓawon lemo a gindin shukar don an ce mage ba ta son ƙanshinsa. Shekara bakwai tana wannan gadi, ba ta taɓa kwana a wani wuri ba in lokacin fure ne. Mu 'yan'uwa muka ɗauka tsufa ne ya zo mata da sabon salo, har ina tsokanarta da wanzamiyar fure.

Ni na ɓata mata lissafi. Na zo garin don a cire min yanar ido, na sauka a wurinta. An ce mu isa asibiti da sassafe, kuma dole in zo da mai riƙe ni. Mai tasi na ta danna oda a ƙofar gida, ni ina tsaye da jaka, Yaya kuwa ta sunkuya a kan wani bokiti tana leƙen wasu furanni uku da suka kumbura ba su kai ga buɗewa ba.

“Ki ba ni minti goma,” in ji ta. “Rana na ɗagawa za su buɗe.”

“Yaya, idona za a yanka, ke kina ta fure? In kin fi son su ki zauna, na tafi ni kaɗai in faɗa rami.”

Ta ajiye almakashin a kan taga ta biyo ni. Duk zaman da muka yi a asibiti tana duban agogon bango, ni kuma ina jin haushinta.

Ƙarfe huɗu muka dawo, idona ɗaya a rufe da auduga. Da ɗayan na ga Fasinja zaune a bakin barandar, kusa da bokitin. Furannin uku sun buɗe, manya, farare. Fuskar magen kuwa daga hanci har kunne ta zama ruwan ƙwai, tana lasar hannunta tana shafawa. Na yi dariya, na ce yau Fasinja kwalliya ta yi.

Yaya ba ta yi dariya ba. Jakar da ke hannunta ta faɗi. Ta sure magen ta shige ɗaki, ta tura ƙofa, ta jawo salatif daga aljihun tebur ta naɗa a yatsu. Ta matse magen a cinyarta tana dangwala mata a fuska, a hankali, a hankali. Cikin kwatan awa ɗaya Fasinja ta koma fara kamar ba abin da ya taɓa ta. Yaya ta ɗaga ta wajen hasken taga, ta juya ta gefe da gefe, irin yadda ake duba riga kafin a mayar wa mai ita. Sannan ta sake ta, ta yi ajiyar zuciya ta ce, “Ya fita.”

Ƙarfe biyar Baba Direba ya dawo daga wurin abokansa. Yaya na tsaye a baranda ta yi masa sannu da zuwa, ya amsa, ya tambayi idona, ya hau sama yana kiran magensa.

Washegari na tashi na tarar da Yaya tana goge rigar matashi guda ɗaya, ta goge ta juya, ta goge ta juya. Shayin da ta ɗora ya ƙone a wuta. Daga sama muna jin takun Baba, yana zuwa yana dawowa, yana magana ƙasa-ƙasa, abin da ban taɓa ji ya yi ba. Can ya leƙo ta kan bene ya ce Fasinja ta yi amai sau uku, ta ƙi cin komai, wataƙila ƙadangare ta haɗiya. Ya koma.

Na dubi Yaya. Fuskarta ta yi fari fat, zufa na bin wuyanta.

“Mene ne?” na ce.

“Ba komai.”

“Yaya, ido ɗaya aka rufe min, ba biyu ba. Me ke cikin garin nan?”

Ta kashe dutsen gugar ta zauna a bakin gado. Nan ta zayyana min komai, tun daga mai sayar da furanni har askin shekara bakwai. Na tuna yadda magen ke lasar hannu tana shafa fuska, kuma Allah kaɗai ya san tun yaushe take yi kafin mu dawo.

“Amma ai na cire,” in ji ta. “Kin gani da idonki, ko ɗigo ban bari ba.”

“Kin cire na waje. Na cikin fa? Mage ce, Yaya, ba ƙyallen tebur ba.”

Ta dube ni kamar yanzu ne maganar ta fara isa kunnenta. Ni na tabbata ta sani tun jiya. Hannunta ne ya yi abin da ya saba, ita kuma ta ɓuya a bayansa.

“Tashi mu hau,” na ce.

“Zai kore ni. Ina zan je da shekaruna? Ki bari mu gani zuwa rana, wataƙila ta warware.”

“In ba ki faɗa ba ni zan faɗa.”

Ta kama hannuna da hannu biyu, sanyi ƙalau. “Don girman Allah ki bari ya fito daga bakina.”

Muka hau. Mataki goma sha huɗu ne, sau biyu tana tsayawa. Mun tarar da Baba a durƙushe a tsakar ɗaki da farantin madara, magen na kwance a ƙarƙashin kujera, miyau na zuba daga bakinta, ido a lumshe. Yaya ta buɗe baki, ta ce, “Baba,” sai ya ɗago ya dube ta, maganar ta maƙale. Abin da ya fito shi ne, “Sannu. Allah ya ba ta lafiya.” Na ji kamar in make ta. Amma na riga na yi mata alkawari, kuma in faɗi gaskiya ni ma ganin girman mutumin a ɗan ɗakin nan ya tsorata ni. Sai na ce masa wannan ba ciwon madara ba ne, a kai ta wurin likitan dabbobi yanzu. Ya ce a bari zuwa gobe. Na ce ba gobe, na riga na kira mota. Ƙarya nake yi, sai da na sauka na kira.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ɗora magen a kan teburin ƙarfe, ta taɓa cikinta, ta duba dasashinta, ta fara tambaya. An sa maganin ɓera a gidan? Baba ya ce a'a. Ta sha wani maganin mutane? A'a. Akwai shuke-shuke?

“Akwai furannin Mai Guga,” in ji Baba. “Amma shekara bakwai suna nan, ko kallonsu ba ta yi. Baiwar Allahn nan ta fi ni kula da ita.”

“Wane irin fure ne?” Likitar ta juyo wajen Yaya.

Ina jin numfashin Yaya a gefena. Na ƙudura a raina in na ƙirga biyar ba ta yi magana ba, alkawari ya tashi. Ina kan huɗu ta zuge jakarta, ta fito da wani dunƙulen salatif ta ajiye a kan teburin. Farin gashi ne manne a jiki, da garin nan ruwan ƙwai. Ashe tun jiya yana cikin jakar, ta ji tsoron jefa shi a shara kada a gani.

“Lili ne,” ta ce. “A fuskarta na cire.”

Likitar ba ta ɓata lokaci ba. Ta kira ma'aikacinta ya ɗauki magen zuwa ɗakin ciki a sa mata ƙarin ruwa, Baba ya bi su da sauri ba tare da ya dubi kowa ba. Sannan ta tambayi Yaya yaushe abin ya faru. Yaya ta ce jiya, ƙarfe huɗu ta gani. Likitar ta dubi agogonta. Ta ce da jiyan aka kawo ta, da an sa ta amayar da shi an ɗaura mata ruwa, kuma da tana da kyakkyawan zato. Yanzu an kusa kwana guda. Za su gwada, abin da za a jira shi ne ko za ta yi fitsari.

Kwana uku muka yi muna jiran mage ta yi fitsari. In wani ya gaya min zan taɓa yin addu'a a kan haka da na yi masa dariya. Baba kan fita tun safe ya zauna a bencin asibitin har a tashi. In ya dawo, Yaya na jin ƙarar ƙofar gida take shigewa ɗaki ta tsaya a bayan labule. Bai buga mata ƙofa ba, bai ce komai ba, kuma shirun nan ya fi ihu firgita ta. Ta daina cin abinci. Ta fara naɗe kayanta tana jerawa a kwali, wai gara ta shirya kafin a watso mata su. Ta dafa abinci ta ba ni in kai masa, na dawo da kwanon yadda na kai shi. Ni ma ban tsira ba. Duk lokacin da na rufe idon nan mai lafiya sai in ga almakashi a kan taga, in ji muryata tana cewa in faɗa rami.

A rana ta uku da hantsi Yaya ta ce ba za ta iya ƙara kallonsu ba. Ta ɗauko fartanya ta fita. Ta kifar da bokitin farko, albasar ta gangaro da jijiyoyinta. Ta shiga fangalin ta ɗaga fartanyar ke nan, ƙofar gida ta buɗe.

Baba ne, da tawul ɗin da aka naɗe magen a ciki ranar da muka kai ta. A ninke yake a hannunsa, ba mage a ciki. Ba wanda ya tambaya.

Ya tsaya a bakin fangalin. Yaya ta sauke fartanyar, ta rasa inda za ta sa hannunta. Na matso kusa da ita, don na ɗauka yau za a ji muryar nan har bakin titi. Da ya yi magana kuwa sai da na kasa kunne.

“Mai Guga, likita ta ce ƙarfe huɗu kika gani.”

“E, Baba.”

“Ƙarfe biyar na shigo. Kina tsaye a nan.”

“E.”

“Kika ce min sannu da zuwa.”

Yaya ta durƙusa a cikin ƙasar, tana kuka ba sauti. Ta ce ya yafe mata, tsoro ne, yau ɗin nan za ta tumɓuke su duka, kuma in ya ce ta tashi za ta tashi. Ya daɗe yana kallon furannin, kowanne da askinsa tsaf, har na safiyar ranar.

“Bar su,” ya ce. “Ba sauran abin da za su kashe a gidan nan.”

Ya hau sama, muna jin takunsa har mataki na ƙarshe, bai yi wa kowa magana ba.

Bai kore ta ba. Tana nan a ɗakinta biyu, ta kwance kwalayenta. In sun haɗu a ƙofa ta gaishe shi, yana amsawa, a taƙaice. Bai sake kawo wata mage ba, ko da 'yarsa ta ce za ta aiko masa. Yaya ta mayar da albasar da ta kifar cikin bokitinta, don ya ce a bar su, ita kuma ba ta iya saɓa masa. Bana sun yi fure fiye da kowace shekara. Kullum da safe tana ba su ruwa a ƙarƙashin tagarsa, kanta a sunkuye, ta gama ta shige ɗaki.